Yadda ake tantance kwalejin koyon aikin jarida mai zaman kanta a Bauchi kafin a biya kuɗi

Da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai takardun talla su cika bangaye da turakun lantarki tun daga Wunti har Yelwa, gidajen rediyo ma su ɗauka: kwaleji kaza ta fara sayar da fom, ana koyar da aikin jarida, gabatar da shirye-shirye, ɗaukar hoto da haɗa bidiyo. Waɗanda suka fi karkata can su ne yaran da ba su samu gurbi a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji ko ta jiha, wato Abubakar Tatari Ali, ba, sai kuma ma'aikatan da suka riga suka iya aikin, takarda kawai suke nema. Makaranta mai zaman kanta ba aibu ba ce a wannan fanni. Cibiyar koyon aikin jarida ta NIJ da ke Ogba a Legas, wadda aka kafa a 1963, ba ta gwamnati ba ce, kuma ta yaye 'yan jarida masu yawa da ake ji da su. Sai dai a nan ma dole a rarrabe aya da tsakuwa.

Abu biyu ne ke nuna kwalejin ƙwarai: takardar da za ta ba ka ranar da ka gama, da kayan aikin da hannunka zai taɓa kafin ranar. Duka biyun ana iya bincika su cikin mako guda, ba tare da an biya ko kwabo ba.

Takarda tukuna, kafin gini ya ɗauke maka hankali

Hukumar da ke amincewa da difloma ta ƙasa, wato ND, da babbarta HND, ita ce NBTE mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977. Digiri kuwa yana hannun NUC, hukumar kula da jami'o'i. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista a matsayin kamfani, ba ruwanta da karatu. Izinin ma'aikatar ilimi ta jiha yana da nasa amfanin, amma ba ya mayar da diflomar makaranta ta zama ND. Waɗannan biyun ne aka fi ratayewa cikin firam a ofishin shugaban makaranta, uba ya gani hankalinsa ya kwanta.

Ramin da aka fi faɗawa shi ne wannan: amincewa da makaranta daban, amincewa da kwas daban. Ana iya ba kwaleji izinin koyar da harkar kasuwanci ko kwamfuta, ita kuma ta ƙara Maskom, wato kwas ɗin aikin jarida da sadarwa, da kanta saboda ta ga yara na so. Sunan makarantar yana cikin jerin NBTE, amma kwas ɗin da ka shiga ba ya ciki. Haka kuma amincewar tana da wa'adi, ana dawowa a sake duba malamai da kayan aiki kafin a sabunta ta, don haka takardar da aka bayar shekaru da yawa baya ba hujja ba ce a yau.

Hanya uku ake bi, kuma a bi su duka. Ta farko, ka je ofishin rajistara ka nema da bakinka, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, don Allah ina so in ga takardar NBTE ta kwas ɗin Maskom, mai kwanan wata." Ka duba sunan makarantar harafi da harafi, sunan kwas ɗin, matakin da aka amince, ND ne ko har da HND, da shekarar da wa'adin zai ƙare. Makarantar da ke da takardarta ba ta jin haushin wannan tambaya, da sauri ma ake ɗauko ta. Ta biyu, ka shiga shafin NBTE a intanet, akwai kundin makarantu da kwasa-kwasan da aka amince da su. Ta uku, ka duba kundin JAMB na makarantu: idan ba za ka iya zaɓen kwalejin da kwas ɗin lokacin cike fom na JAMB ba, to akwai magana. In bayanan suka saɓa wa juna, ofishin JAMB na jiha yana nan cikin garin Bauchi, Gombe ma akwai nata, ka je ka tambaya.

Za ka iya jin an ce takardar tana hanya, ko jami'ai sun zo dubawa watan jiya. Mai yiwuwa gaskiya ne, domin kowace makaranta ta bi ta wannan mataki. Amma ka sani kai ne ke ɗauke da kasadar, ba mai makarantar ba. Shawararmu ita ce a jira takardar ta iso.

Sai batun haɗin gwiwa. Kwalejoji da dama kan rubuta a allonsu cewa suna ƙarƙashin jami'a kaza. Irin wannan tsari yana nan da gaske, misali kwalejin talabijin ta NTA da ke Jos tana ba da digiri ne ta hannun Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Tambayoyin da za ka yi su ne: sunan wa zai fito a kan satifiket, wa ke shirya jarrabawa da duba ta, kuma NUC ta amince da haɗin? Kada ka tsaya a kan abin da kwalejin ta faɗa, ka tambayi ita jami'ar ta ofishin rajistararta.

Akwai kuma difloma ta ƙwarewa da satifiket na wata uku ko shida. Waɗannan suna da amfani sosai ga wanda yake aiki a gidan rediyo yana son gyara hannunsa, ko mai shagon ɗaukar bidiyon biki da ke son koyon tacewa. Abin da ba sa yi shi ne kai mutum HND ko hidimar ƙasa. Matsalar tana zuwa ne idan an sayar wa yaro ɗan shekara 17 irin wannan da sunan difloma, ya yi shekara biyu, sai ya je neman ci gaba a ce masa takardar ba ta da gurbi. 

Shiga ta ƙofa

Don ND a da ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, sai a duba ƙa'idar da ake bi yanzu, kuma makarantu da yawa suna son adabin Turanci a cikinsu. Wanda bai yi adabi a sakandare ba ya tambaya tun kafin ya sayi fom. Rajistar JAMB tana buƙatar lambar NIN, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ke bin mutum shekaru: suna a NIN Muhammad, a WAEC Mohammed, a JAMB an juya sunan uba ya koma gaba, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A daidaita su tun yanzu. Gyaran yana da wahala a farko, amma ya fi wahala lokacin da abokan karatunka ke karɓar takardar kiran hidima kai kana yawon kotu neman takardar rantsuwa.

Tun 2017 JAMB ke ba da gurbi ta tsarinta na CAPS. Ma'anarsa, ko da kwaleji ta ba ka takardar shiga mai tambari, sai ka ga gurbin a shafinka na JAMB, ka karɓa, ka buga takardar JAMB ɗin, sannan ka zama ɗalibi a idon hukuma. Duk wanda ya ce maka ka fara zuwa aji za a gyara daga baya, yana ɗora ka ne a kan keken ɓera. Sunan da bai shiga kundin ɗaliban JAMB ba ba ya isa hannun NYSC, hukumar hidimar ƙasa.

Tsarin tafiyar kuwa haka yake: ND shekara biyu, zango huɗu, da horon SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata, na wata huɗu bayan shekarar farko. Daga nan shekara guda ta aikin koyo a ma'aikata, sannan HND shekara biyu. A matakin HND, NBTE ta raba Maskom gida uku: aikin jarida, haɗa fim da kafofin zamani, da sadarwar hulɗa da jama'a da talla. Ka tambayi kwalejin wanne take da izininsa. Hidimar ƙasa ta masu HND na cikakken lokaci ce da suka gama kafin su cika shekara 30, don haka mai shiga ajin ƙarshen mako ya san abin da ya zaɓa.

Ranar ziyara

Kada ka je ranar Asabar, kada kuma ka je ranar da suka gayyaci iyaye. Ka je Talata ko Laraba da hantsi, lokacin da ake tsakiyar darasi, ka ce a nuna maka sutudiyo.

Ɗakin rediyo na gaske ana gane shi da kunne kafin ido. Ka shiga, a rufe ƙofa, ka yi shiru. Idan kana jin ƙarar Keke Napep a titi ko janareta a bayan taga, duk abin da aka naɗa a ɗakin zai fito da wannan ƙara. Ka tafa hannu sau ɗaya: in sautin ya dawo maka, bangon ba shi da abin da ke shanye amo, ko soso ko labule mai kauri ko kafet. Sai ka duba tebur. Ya kamata a ga mikisa, wato na'urar haɗa sauti, makirufo aƙalla biyu da soso a bakinsu, abin sauraro na kunne, da kwamfuta mai manhajar tace sauti irin su Audacity ko Adobe Audition. Ka roƙi a kunna, a naɗi muryarka na daƙiƙa goma, a sake maka ka ji. Nan ne asiri ke tonuwa. Akwai mikisar da ke zaune cikin leda fes, ba a taɓa jona mata waya ba, an ajiye ta ne don ranar da masu dubawa za su zo. Wadda ɗalibai ke amfani da ita za ka ga rubutun jikin maɓallanta ya fara gogewa, an liƙa 'yar takarda a kan kowane layi da sunan makirufon da ke ciki.

A ɗakin talabijin ka ƙirga kyamarori masu aiki, banda waɗanda ke cikin kwali, ka duba ƙafafun da ake ɗora su, fitilu aƙalla uku, da kwamfutocin tace bidiyo. Sai ka tambayi yawan ɗaliban aji. Lissafin mai sauƙi ne. Idan ɗalibai 80 ne, kyamara biyu, darasin gwaji awa biyu a mako, to kowane ɗalibi minti uku yake samu a mako. A zango mai mako 15 bai kai awa ɗaya ba. Wannan yaro zai gama ND yana iya zana sassan kyamara a takarda, amma in aka miƙa masa ita a wurin taro hannunsa zai yi rawa. Kwalejin da ke da kaya kaɗan amma take raba ɗalibai rukuni-rukuni na biyar ko shida, take buɗe sutudiyo da yamma, take da littafin aron kaya, ta fi mai kaya da yawa a kulle.

Wuta ita ce tambaya ta gaba. Sola ce ko janareta, kuma wa ke sayen mai ranar gwaji? A wasu wurare ɗalibai ake sa wa karo-karo, wanda ba laifi ba ne idan an faɗa tun farko, amma ya shiga lissafinka. Dalilin wannan duka shi ne, kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da ke gina sutudiyo a makarantun gwamnati ba ya zuwa masu zaman kansu. Duk wata kyamara da ka gani, daga kuɗin makaranta ko aljihun mai ita ta fito.

Ka nemi jaridar gwaji ta ƙarshe da ɗalibai suka buga, ka duba kwanan watanta. In sun ce suna da gidan rediyon makaranta da ke watsa shiri a iska, wannan yana buƙatar lasisin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ka tambayi lambar zangon ka murɗa a wayarka nan take.

Kafin ka fita, ka sami ɗaliban shekara ta biyu a wajen mai shayi ko bakin ƙofa, inda ba malami. Tambaya uku ta isa: yaushe rabonku da shiga sutudiyo, sakamakon zangon da ya wuce ya fito, kuma waɗanda suka gama bara sun karɓi takardunsu? Ta ukun ta fi nauyi. In waɗanda suka gama shekara biyu baya har yanzu suna zarya, kai ma layin da za ka bi ke nan.

Malamai, da batun Hausa

Malami iri biyu ake buƙata: mai digiri a fannin da zai koyar da ƙa'ida, bincike da doka, da kuma wanda ya yi shekaru a ɗakin labarai. Yawancin kwalejoji masu zaman kansu suna ɗauko ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin na gari su koyar na ɗan lokaci. Wannan alheri ne, domin su ne ke san abin da edita ke so, kuma ta hannunsu ake samun wurin horo. Illarsa ita ce ranar da gwamna ke da taro, aji ba malami. Ka tambayi malamai nawa ne na dindindin a sashen.

Wani abu da manhajar karatu ba ta ba shi haƙƙinsa shi ne harshe. Darussa da jarrabawa da Turanci ake yi, amma wanda zai nemi aiki a gidajen rediyo da talabijin na Bauchi irin su BRC, BATV, Globe FM, Albarka Radio, ko ya gangara Gombe wajen GMC, Progress Radio, Amana FM da Jewel FM, zai tarar kaso mai yawa na shirye-shiryen da jama'a ke saurare da Hausa ake yi. Iya magana da Hausa a gida daban, iya fassara labarin kotu cikin minti goma kafin lokacin labarai daban. Sabon hannu yakan kasa raba wanda kotu ta ce a tsare kafin a ci gaba da shari'a da wanda aka yanke wa hukuncin ɗauri, yakan jefar da "ana zargin" ya mayar da wanda ake tuhuma mai laifi, yakan rikita miliyan da biliyan a labarin kasafin kuɗi. A rubutu kuma rashin ƙugiya kan mayar da baƙi su zama baki, ƙafa ta zama kafa. Kwalejin da ke da darasin fassara da ƙa'idojin rubutun Hausa ta san kasuwar da take yi wa aiki. In babu, ɗalibi ya ɗora wa kansa: ya sa allon rubutun Hausa na Gboard a wayarsa, kullum ya ɗauki labari ɗaya na Turanci ya fassara, sannan ya saurari yadda sassan Hausa na manyan gidajen rediyo suka kawo shi, ya gwada. Mai jin Fulatanci kuma kada ya yi wasa da shi, gidajen rediyon jihohin nan biyu suna da shirye-shiryensa.

Kuɗi

Adadin da ke kan takardar talla kusan kullum kuɗin makaranta ne kaɗai. Ka nemi a rubuta maka duka na shekara biyu: fom, kuɗin karɓar gurbi, kuɗin zango, na sutudiyo, katin shaida, jarrabawa, duba ɗalibi a wurin SIWES, aikin bincike na ƙarshe, da kuɗin karɓar sakamako da satifiket. Na ƙarshen nan ne ke zuwa wa iyaye ba zato. Ka tambaya ko ana biya kashi-kashi, da abin da ke faruwa da wanda bai cika ba ranar jarrabawa. A biya ta asusun banki mai sunan makarantar, ba na wani ma'aikaci ba komai kirkinsa, a karɓi rasit, a ɗauki hotonsa a ajiye a imel, domin rubutun takardar POS yana gogewa cikin 'yan watanni. Rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ɗaliban makarantun gwamnati yake kaiwa, kada a sa shi a lissafi.

Bayan an shiga

Ko kwalejin da ta fi kowace kaya ba za ta ba ka awannin da hannu ke buƙata ba, sai ka haɗa da naka. Abin farawa ba shi da yawa: wayar da ke ɗaukar bidiyo mai kyau da wurin ajiya aƙalla 64GB, ƙaramin makirufon maƙalawa a riga, ƙafar ɗora waya, abin sauraro na kunne, batirin caji na tafi-da-gidanka, da littafin rubutu da biro biyu. Kwamfuta za ta iya jira zuwa shekara ta biyu. In za a saya, a nemi mai RAM 8GB zuwa sama da ma'ajiyar SSD, domin ƙasa da haka tana tsayawa a tsakiyar tace bidiyo.

Sauti ne ke kashe aikin ɗalibai fiye da hoto. Mutane na haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙura da muryar da ba sa ji. Kafin hira a sa wayar a yanayin jirgin sama, don kira ɗaya yana yanke naɗi. Makirufon hannu ya zauna kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a ɗan karkace, saboda iskar haruffa irin su "f" da "b" kada ta buge shi. Na maƙalawa kuma a ƙirji, a kula kada mayafi ko babbar riga su riƙa gogarsa. A manhaja, ma'aunin sauti ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6. In ya taɓa sifili ya yi ja, muryar ta fashe, kuma babu gyaran da ke dawo da ita. A naɗi daƙiƙa goma a saurara kafin a fara hirar gaske. A lokacin hunturu iska tana cika makirufo da gurnani, sai an sa masa soso, mai magana kuma ya juya wa iskar baya. In kasuwar Muda Lawal ka je jin farashin kayan gwari, kada ka tsaya kusa da injin markaɗe ko lasifikar mai tallan magani; ka ja ɗan kasuwar gefe ku yi hirar, sannan ka koma ka naɗi hayaniyar kasuwar ita kaɗai na daƙiƙa 30, za ta yi maka amfani wajen haɗa rahoto.

A bidiyo, in na talabijin ne a kwantar da wayar, a saita ta a 1080 da hoto 25 a daƙiƙa. Dalili shi ne lantarkin ƙasar nan yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa wanda ya bar wayarsa a 30 yakan ga hoto yana ƙyaftawa a ƙarƙashin wasu fitilun ofis. Haske ya kasance a fuskar mai magana; in ka zaunar da shi taga na bayansa, inuwa za ka ɗauko. Kowane hoto a riƙe shi daƙiƙa goma ba motsi. A watannin Maris da Afrilu waya na ɗaukar zafi ta kashe kyamara da kanta, sai a cire mata riga a tsaya a inuwa. Ƙurar hunturu kuma ba a goge ta daga gilashin kyamara da bakin riga, ana hure ta tukuna sannan a sa ƙyalle mai laushi.

Rubutu kullum ake yi. Jimlar farko ta labari ta ɗauki mafi muhimmanci cikin wa, me, ina, yaushe, yaya da me ya sa, kada ta wuce kalma 30. Labarin rediyo na daƙiƙa 30 kalma 70 zuwa 80 ne, kuma a karanta shi da ƙarfi kafin a miƙa. Inda numfashinka ya yanke, nan jimlar ta yi tsawo. Sunan mutum da muƙaminsa a tambaye shi ya faɗa da bakinsa a farkon naɗi, a kuma rubuta.

Darasin doka da ɗa'a ɗalibai kan ɗauke shi na haddar jarrabawa, alhali shi ne ke raba mutum da ofishin 'yan sanda. Ɓata suna laifi ne a ƙarƙashin dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi a kan 'yan jarida da masu rubutu a Facebook. Kasancewarka ɗalibi ba kariya ba ce. Duk zargin da za ka wallafa, ka ji ta bakin wanda ake zargi, ka ajiye shaidar cewa ka neme shi. Ba a nuna fuskar yaro ko bayyana sunan wadda aka yi wa fyaɗe. A jihohi irin Bauchi da Gombe masu ƙabilu da addinai daban-daban, adadin mamata a rikici ba a ɗauko shi daga WhatsApp, kuma ba a liƙa wa mai laifi sunan ƙabilarsa a kanun labari. A ɗaya gefen, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, an kuma ba ta kwana 7 ta amsa. Ɗalibi ya gwada rubuta irin wannan wasiƙa ko sau ɗaya kafin ya gama. Ambulan ɗin da ake rabawa bayan taro da sunan kuɗin mota kuwa, za ka gamu da shi tun a SIWES, kuma wanda ya ba ka yana sa ran ganin abin da ya saya a labarinka.

SIWES da shekarar aikin koyo

Hukumar horas da ma'aikata ta ITF ce ke kula da SIWES. Gidajen watsa labarai na Bauchi ba su da yawa, ɗalibai kuma daga makarantu da dama suke zuwa a lokaci guda, don haka a kai takardar neman wuri wata biyu kafin lokaci, a kai wurare uku. Wanda garinsu Azare ne ko Misau ko Ningi ya duba tashoshin da ke kusa da gida, sau da yawa a ƙaramar tasha aka fi barin ɗalibi ya taɓa kaya. Inda aka ba ka zaɓi, ka nemi ɗakin labarai. Ka riga kowa zuwa, ka karɓi fassarar da kowa ke gudu, ka roƙi wakili ya tafi da kai kotu ko majalisar dokoki. Littafin ayyuka a cike shi kullum, mai kula da kai ya sa hannu duk mako. Wanda ya bari sai satin ƙarshe yakan tarar an yi wa mai sa hannun canjin wurin aiki.

Duk abin da ka yi wanda ya fita a iska ko aka buga, ka ajiye kwafinsa da kwanan wata a Google Drive: rahoton murya uku, bidiyo biyu, labarai biyar na Hausa da Turanci. Wannan ake nema ranar gwajin ɗaukar aiki.

Maki kuma yana da tasiri a gaba. A ma'aunin 4.00, daga 3.50 ne mafi daraja, 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit. HND na neman aƙalla ƙaramin kiredit da shekara guda ta aikin koyo, wanda ya samu ƙasa da haka akan nemi ya yi shekara biyu, jami'o'i kuma galibi babban kiredit suke so kafin su ɗauki mai ND kai tsaye zuwa aji biyu. Ranar da ka gama shekarar aikin koyo, kada ka bar ma'aikatar sai da takardar shaida a kan takarda mai tambarinsu, ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa da sa hannun shugaba. Za a neme ta wajen shiga HND, NYSC ma tana tambayarta, don haka a yi mata kwafi uku, asalin kuma a sa a leda tare da takardar JAMB da rasitan makaranta.